Sai da Ruwan Ciki Ake Jan na Rijiya: Matsayin Hadda a Dabon Karta da Wasan Nan-Take

A cikin fasahohin da ake nunawa a bainar jama'a, da wuya a sami wadda masu sharhi na ƙasar nan suka ƙaurace wa kamar dabo. An yi rubuce-rubuce a kan kokowa, an yi a kan waƙoƙin fada da na noma, an yi a kan bori da wasan kwaikwayo, amma mai rufa-ido, wato mutumin da kan tara jama'a a bakin kasuwa ko a dandalin biki da ƴar igiya ko tsabar kuɗi ko ƙunshin karta, ba a cika lissafa shi cikin masu fasahar da ta cancanci nazari ba. Wasu na ɗaukar aikinsa asiri ne, saboda haka abin gudu. Wasu kuma na haɗa shi da ƴan karta uku masu cutar matafiya a tashar mota, saboda haka abin raini. Ra'ayoyin nan biyu, ko da yake sun saɓa, wuri guda suka kai mu: sun hana mu tambayar yadda mutumin ya koyi abin da yake yi, da kuma yadda yake riƙe shi a ka.

Wannan tambaya ce maƙalar nan za ta bi. Za ta ɗauki dabon karta, musamman wanda ake yi ba tare da shiri ba, ta duba dabarun hadda da masu sana'ar suka bayyana a littattafansu, ta auna su, sa'an nan ta jera su da abin da muka gada a gida. Abin da take son tabbatarwa shi ne, wasan da muke kira na nan-take hadda ce da aka tsara ta yadda mai ita zai iya shigarta ta kowace ƙofa, kuma da wannan ma'auni ya kamata mai sharhi ya auna shi.

Nauyi biyu a kan mai dabo

A ɗauka mai dabo ya biyo ta wata fada a Yamai, inda samari ke shan shayi suna buga belot, sai wani ya gane shi, ya miƙa masa kartar da ke hannunsu, ya ce ya ɗan nuna musu wani abu. Babu dandamali, babu kayan aikinsa, kartar ma ba tasa ba ce, kuma mai yiwuwa mai guda 32 ce ta belot maimakon cikakkiya mai 52. Masu wannan sana'a suna kuka da abu guda a irin wannan hali: mutumin da ya koyi dabo ɗari a ɗakinsa, da zarar an zuba masa ido sai kansa ya ɗaure, ya rasa ko ɗaya. Abin bai ɓace ba, domin yana komawa gida zai tuna su duka. Hanyar ɗauko su ce ta toshe.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da bayyana dalili. A 1956 George Miller na Amurka ya nuna cewa abin da hankali ke iya riƙewa a lokaci guda bai wuce abubuwa bakwai ba, ko da ƙarin biyu ko da ragin biyu, kuma binciken da ya biyo baya ya rage adadin zuwa wajen huɗu. Mai dabo kuwa yana magana, yana lura da idon ƴan kallo, yatsunsa na aiki a ɓoye. Idan aka ɗora masa neman abin da zai yi a kan waɗannan, kaya sun yi yawa.

Nauyi na farko ke nan: tuna wane dabo zai yi, da matakansa. Maganin da gwanaye suka samo mai sauƙin faɗa ne, mai wuyar bi. Na ɗaya, rage yawa. Ana ba da labarin David Devant, shahararren mai dabo na Ingila, cewa wani matashi ya yi masa alfaharin sanin dabo ɗaruruwa, shi kuwa ya lissafa nasa ya ce takwas ya iya. Na biyu, ɗaure su uku-uku: na buɗewa mai saurin jawo hankali, na tsakiya da ke sa ɗan kallo ya sa hannu, da na rufewa wanda ya fi ƙarfi. Ta haka mutum yana tuna ɗauri guda a maimakon abubuwa uku. Na uku, jera su bisa hali maimakon bisa suna: wanda za a yi da kartar da aka cuɗa, wanda ke bukatar tebur ko tabarma, wanda za a yi a tsaye. Wurin da ya sami kansa shi zai tuna masa abin da ya dace.

Na huɗu, wanda ya fi shafar malamai, shi ne fahimta. A ɗauki dabon katuna 21 da yara da yawa suka sani: a raba su layi uku, bakwai-bakwai, ɗan kallo ya nuna layin da katinsa yake, a tattara a sa wannan layi a tsakiya, a maimaita har sau uku, sai katin ya faɗo na 11. Wanda ya haddace matakan kawai, ranar da ya manta sau nawa ake rabawa ya faɗi. Wanda ya gane dalili ya san cewa bayan tattarawar farko katin yana tsakanin na 8 da na 14, bayan ta biyu yana tsakanin na 10 da na 12, bayan ta uku ba shi da wurin zama sai na 11. Ko ya manta, zai iya sake gina dabon a tsaye.

Hanyoyi uku na riƙe jere

Nauyi na biyu ya fi girma, kuma yana zuwa ne idan mai dabo ya fito da kartarsa da ya jera tun daga gida, ko ya sami damar jera ta aro ba a lura ba. Yawan hanyoyin da za a iya jera katuna 52 adadi ne mai lambobi 68, don haka wanda ya san jere guda a ka yana da makamin da ɗan kallo ba zai yi zato ba. Tarihin sana'ar ya ba mu hanyoyi uku, kuma ba darajarsu ɗaya ba.

Ta farko ita ce ƙa'ida. Tun a 1593 Horatio Galasso ya buga wani ɗan littafi a birnin Banis na Italiya a kan wasannin karta na ƙa'ida da na hadda. Irin wannan tsari ya shahara a Amurka daga 1898 da sunan Si Stebbins. Kowane kati yana ɗara na gabansa da uku, jinsunan huɗu kuma suna zagayawa bi da bi. Idan muka kira su yadda ƴan belot ke kiransu, aka ba valet 11, dame 12, roi 13, jeren zai fara da as na trèfle, sai 4 na cœur, 7 na pique, 10 na carreau, roi na trèfle, sai a zagayo 3 na cœur, haka har ƙarshe. Ko ɗan kallo ya yanke kartar sau goma zoben ba ya tsinkewa, mai dabo ya saci kallon katin ƙasa, ya ƙara uku, ya san na sama. Ana koyon wannan cikin ƴan mintoci, sai dai arha ba ta ado: idan aka baje katunan, ja da baƙi na bin juna ɗaya bayan ɗaya, mai lura zai gane da hannu a ciki.

Ta biyu ita ce sarƙa. A nan ana haddace jimla guda wadda sautin kalmominta ke tuna darajar katunan a jere. Faransawa suna kiran irin wannan jere chapelet, wato carbi, kuma sunan ya dace, domin ɗaya bayan ɗaya ake jansa. Ƙarfinsa shi ne rauninsa. Kamar yaron da ya koyi baƙaƙen boko da waƙa ne: tambaye shi harafin da ke bin wani, sai ya koma farko yana rerawa a zuci, tambaye shi wanda ya gabace shi, sai ya yi tsuru-tsuru.

Ta uku ita ce haddar da kowane kati ke da lambarsa, kowace lamba ke da katinta, ba tare da ƙa'ida ko jimla a tsakani ba. Louis Nikola ya bayyana tsarinsa a 1927, Simon Aronson ya fitar da nasa a 1979, sai Juan Tamariz, mutumin Madrid, wanda littafinsa ya fito da Sifaniyanci a 2000, aka fassara shi zuwa Ingilishi a 2004 da sunan Mnemonica. Wanda ya mallaki irin wannan hadda, a ce masa 37 zai faɗi katin, a ambaci katin zai faɗi lambar, ya san na gaba ya san na baya. Wannan kaɗai ce a cikin ukun take ba mai ita ƴancin sauya hanya a tsakiyar wasa. Idan ɗan kallo ya ambaci katin da ba a zata ba, mai dabo ya riga ya san inda yake, sai ya zaɓi ƙarshen da ya fi kusa. Dai Vernon, ɗan Kanada da masu sana'ar ke yi wa laƙabi da Farfesa, yana da wani dabo da ya shahara da cewa ba ya bayyanuwa, domin ba shi da matakai tsayayyu: ana fara shi ba a san yadda zai ƙare ba, mai yin sa yana tsinto mafita daga abin da katunan suka kawo. Wanda ba shi da taska a ka ba zai kusanci irin wannan ba.

Tsani da gini

To, ta yaya ake shigar da abubuwa 52 da lambobinsu cikin ka? Dabarar da ta fi tsufa a Turai ita ce ta wurare. Cicero, a littafinsa kan fasahar magana da ya rubuta shekara 55 kafin miladiyya, ya danganta ta ga mawaƙin Girka Simonides, wanda aka ce rufin ɗakin walima ya rufta bayan fitarsa, ya gane gawarwakin ta hanyar tuna inda kowa ya zauna. Frances Yates ta bi tarihin wannan fasaha a littafinta na 1966, wanda aka fassara zuwa Faransanci a 1975 da sunan L'Art de la mémoire. Mutum ya zaɓi wurin da ya sani kamar tafin hannunsa, ya ajiye kowane abu a wani lungu. Bahaushe zai iya farawa daga ƙofar gida, ya shiga zaure, ya wuce shigifa, tsakar gida, madafa, rijiya, rumbu. Mutumin Yamai zai iya tasowa daga Babban Masallaci, ya bi ta Babbar Kasuwa da gidan tarihi na Boubou Hama, ya haye gadar Kennedy, ya sauka a Jami'ar Abdou Moumouni, yana sauke kati a kowane zango.

Dabara ta biyu ita ce mayar da lamba kalma. Aimé Paris ya daidaita ta a Faransa a ƙarni na 19: t ko d na nufin 1, n na nufin 2, m 3, r 4, l 5, wasula kuwa ba a lissafa su. Tana aiki da Hausa sarai. Lamba 15 za ta zama tulu, 43 ta zama rama. Idan kati na 15 roi na cœur ne, sai a hango sarki da alkyabbarsa ɗauke da tulu a ka, hoton da ba ya saurin gogewa saboda rashin dacewarsa.

Ba a musun ƙarfin waɗannan dabaru. Da su ake cin gasar hadda ta duniya da aka fara a 1991, kuma a 2018 wani matashi ɗan Mongoliya ya haddace jeren katuna 52 cikin ƙasa da daƙiƙa 13. Amma a nan ne littattafai da yawa ke ruɗa mai koyo. Ɗan gasa yana zaune shiru, ya toshe kunnuwansa, ba mai yi masa magana. Mai dabo ba shi da sukunin tafiya daga zaure zuwa rumbu yayin da wani ke ja masa riga yana cewa a ba shi kartar ya cuɗa da kansa. Hoto da wuri tsani ne, idan gini ya ƙare sai a janye shi. Abin yabo a littafin Tamariz shi ne ya gane haka. Ya shawarci mai koyo ya rera jeren da murya ya ɗauka ya riƙa saurare, ya zana lamba da hoto a fuskar kowane kati da hannunsa, ya haɗa da motsin jiki, sa'an nan ya riƙa jarraba kansa ta gaba da ta baya da ta tsakiya, har kati da lambarsa su zama abu guda. Inda za a yi masa gyara shi ne alkawarin cewa ƴan sa'o'i sun isa. Sun isa a shigar, ba su isa a zaunar ba. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mafi yawan mantuwa na faruwa ne jim kaɗan bayan koyo, kuma maimaitawa a kan tazara ce ke tare ta. Makarantar allo ta san wannan da sunan tilawa.

Darasin Robert-Houdin

Malamin Faransanci da ke neman nassi a kan wannan batu zai same shi wajen Jean-Eugène Robert-Houdin (1805-1871), maƙerin agogo na garin Blois wanda ake ɗauka uban dabon zamani. A tarihin rayuwarsa, Confidences d'un prestidigitateur (1858), ya bayyana yadda shi da ɗansa kan wuce gaban shago su yi wa kayan da aka baje kallo guda, su matsa gaba su rubuta abin da suka gani, su dawo su gwada. Da wannan horo, tare da alamomin da aka ɓoye cikin kalmomin tambaya, yaron kan faɗi abin da ɗan kallo ya riƙe alhali an ɗaure masa ido. Jama'ar Paris sun ga kamar gani ne har hanji. Aikin watanni ne na uba da ɗa.

Littafin yana da wani babi da ya kamata mu karanta da idonmu na waɗanda aka mulka. A 1856 hukumomin Faransa sun kai shi birnin Aljas domin ya yi wasa gaban shugabannin ƙabilu, da nufin rage kwarjinin shehunan da ake jin tsoron za su tayar da jama'a. Ya kira wani ƙaƙƙarfa ya ɗaga ƙaramin akwati, ya ɗaga. Ya ce ya zare masa ƙarfi, mutumin ya kasa motsa shi, domin akwai maganaɗisun lantarki a ƙarƙashin dandamali. Bisa ga faɗarsa, daga baya an sa tafintoci sun bayyana cewa gwaninta ce ba sihiri ba. Labarin daga bakinsa muka fi jin sa, kuma mai dabo ba ya rasa ƙarin gishiri. Duk da haka darasin a fili yake: al'ummar da ke fassara kowace gwaninta da asiri ta ba duk mai sabuwar na'ura damar ya mallake ta. Shi kansa ya san dabara wuƙa ce mai kaifi biyu, shi ya sa a 1861 ya buga littafi guda a kan hanyoyin macuta a teburin caca. Jeren da mai dabo ke nishaɗantarwa da shi, da shi ɗan damfara ke kwashe kuɗin mutane. Bambancinsu yarjejeniya ce: ɗan kallon mai dabo ya san za a rufe masa ido, ya yarda, kuma ya tashi da aljihunsa yadda ya zo da shi.

Abin da ke cikin rumbunmu

Idan muka dawo gida da wannan ma'auni, za mu tarar ba baƙo ba ne. Wasan kwaikwayon Hausa na Nijar, wanda ya bunƙasa zamanin samariya da bukukuwan matasa na mulkin Seyni Kountché (1974-1987), ya shiga gidaje ta rediyo da Télé Sahel, ba a kan rubutaccen nassi ya tsaya ba. Janet Beik ta nazarce shi a littafinta na 1987, inda tun a take ta kira shi fasahar baka ta zamani. Ƙungiyoyi irin ta ORTN ta Damagaram da ta Yazi Dogo sukan zauna su daidaita a kan jigo da jerin fitowa, kowa ya san halin wanda zai kwaikwaya, maganar kuwa a bakin ɗan wasa take fitowa, tana gogewa daga gwaji zuwa gwaji. Mai kallo a dandalin Oumarou Ganda yakan ɗauka raha ce ta zo wa mutum a take. Alhali ɗan wasan ya riƙe ƙashin bayan labarin, yana da buhun karin magana da habaici da salon maganar alhaji da na ɗan sanda da na ma'aikacin ofis, ya kuma san inda fitowar za ta sauka ko da abokin wasansa ya kauce. Wannan ita ce hanya ta uku da muka gani wajen masu karta.

Haka abin yake ga makaɗa. An san Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da ƙirƙirar waƙa a gaban jama'a da kuma rashin maimaita waƙa daidai yadda ya yi ta jiya. Amshi da kiɗan kalangu suna ba shi lokacin shirya ɗa na gaba, kirari da sunayen garuruwa da nasabar iyayen gida kuwa suna ajiye, sai ɗauka. Albert Lord ya bayyana irin wannan aiki a 1960 game da mawaƙan baka na Yugoslabiya: ba kalma-kalma suke haddacewa ba, tubala suke tarawa su yi gini a gaban masu saurare. Mu kuwa sau da yawa mukan taƙaita zance mu ce aljanu ke ba mawaƙi waƙa. Muna ganin yabo ne, alhali mun tauye masa ladan wahalarsa, mun kuma sauke wa kanmu nauyin koyo.

Misali mafi girma yana makarantar allo, kuma a nan hanya kawai muke dubawa, domin abin da ake haddacewa ya fi ƙarfin a jera shi da wasa. Almajiri yana rubutawa da hannunsa, yana karantawa da murya, jikinsa na kaɗawa, ya wanke, ya sake, wato ido da kunne da hannu da jiki duka suna aiki, abin da Tamariz ya gano daga baya ta nasa ɓangaren. An raba karatun izu 60, kowane izu sumuni takwas, saboda kowane yanki ya sami mazauni. Gardawa suna da harji, wanda da shi suke ƙididdige wuraren da lafuzza masu kama da juna suka zo, don kada wani ya ja su zuwa wani. A wurin musabaƙa kuma alƙali kan ɗauko aya daga inda ya ga dama, mahaddaci ya ɗora. Ba a kiran mutum gwani don ya iya jan sarƙa daga farko. Hatta mayar da lamba kalma muna da namu: lissafin abajada, inda alif ke 1, ba 2, jim 3, dal 4, da shi marubuta waƙoƙin ajami na zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da Nana Asma'u suke ɗaure shekarar da suka gama waƙa cikin kalma guda, abin da ake kira ramzi.

Kada a fahimci cewa hadda ita ce fasahar baki ɗaya. Akwai mai jere 52 a ka wanda wasansa ke sa hamma, akwai ɗan wasan da ya san karin magana dubu bai san inda zai jefa ɗaya ba. Robert-Houdin ya ɗauki mai dabo a matsayin ɗan wasan kwaikwayo da ke fitowa a siffar mai sihiri, kuma ya yi gaskiya: hadda tana ƴantar da hankali ne domin ya koma kan jama'a. Amma ba a fafe gora ranar tafiya, wanda bai tara ba kuwa ba shi da abin da zai ƴanta.

Abin da ya rage gare mu

A azuzuwanmu na firamare da kolej, irin haddar da muka fi sa yara ita ce ta sarƙa. Yaro ya miƙe ya kwararo tatsuniyar La Fontaine ta hankaka da dila, idan aka katse shi a tsakiya sai ya koma layin farko. Da masu gyaran manhaja suka ga wannan illa, sai aka shiga kushe hadda gaba ɗaya, har kalmar par cœur ta zama kamar zagi a bakin wasu masu duba malamai. An yi jifa an wuce gona. Ɗalibin da babu komai a kansa ba zai rubuta insha'i mai ma'ana ba, ba zai tsaya muhawara ba, ko da an ba shi wayar da ta fi kowace tsada. Gyaran shi ne a sauya irin haddar. Malami zai iya ba kowane baiti lamba ya tambaya a warwatse; ya fara layi daga tsakiya yaro ya ƙarasa; ya sa a ajiye sassan darasi a ɗakunan gida; ya dawo da abin da aka koya bayan kwana ɗaya, bayan mako, bayan wata. Zai iya kawo dabon katuna 21 a darasin lissafi, ko da da ƴan takardu masu lamba ne idan ana ƙyamar karta, ya bar yara su gano dalilin da ya sa na 11 ne kullum. Yaron da ya warware wannan da kansa, da wuya mai karta uku ya ci kuɗin motarsa.

Ƙungiyoyin al'adu kuma suna da nasu aiki. Tun 1968 Yamai ke da cibiyar tattara adabin baka, wadda ta zama CELHTO, kuma an ɗauki muryoyi masu yawa a nan da IRSH da gidan rediyo. Amma abin da aka fi ɗauka shi ne wasan da ya nuna, ba a cika ɗaukar yadda aka dafa shi ba. Ya kamata a zauna da tsofaffin ƴan wasan kwaikwayo da ƴan amshi da sanƙirori da masu dabon kasuwa, a tambaye su: da me kake fara koya wa yaronka, yaya kake tuna abin da ke biye, me kake yi idan ya kuɓuce maka a gaban jama'a, me kuke kiran wannan dabara? Ba a bukatar mai dabo ya tona sirrin hannunsa, wanda shi ne abincinsa. Yadda yake tsara kansa muke nema. Tun da dokar sake gina ƙasa ta watan Maris na 2025 ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, za a bukaci kalmomin koyarwa da na sharhi, kuma kafin a zauna a ofis a ƙirƙiro su daga Faransanci, ya dace a fara jin waɗanda masu sana'a ke amfani da su, tun suna raye suna iya amsa tambaya.